Fito da Gyaran Jirgi a Kogin Wudil

Duk wanda ya taso daga Achika, ko Utai, ko Darki, ko wani gari daga cikin garuruwan kudancin ƙasar Wudil, ya nufi Birnin Kano, ko fatauci ya kai shi, ko neman ilmi, ko amsa kiran hukuma, ba shi da makawa sai ya ƙetare kogi. Kuma ko da yake a yau mota kan wuce da shi bisa gada yana gyangyaɗi bai ma san an wuce ba, kakanninsa ba su taɓa ɗaukar wannan ƙetarawa da wasa ba, domin a wurinsu ita ke yanke hukuncin ranar da za a tashi, da yawan kayan da za a ɗauka, da wanda za a bari a gida. Kogin nan da muke kira na Wudil gamayyar ruwa biyu ne, wato Kogin Kano da ke gangarowa daga duwatsun kudu, da Kogin Challawa da ke zuwa daga yamma, waɗanda ke haɗuwa kafin su iso Wudil. Daga nan ruwan ya miƙe gabas ta Ringim da Haɗeja, ya tarar da na Jama'are, ya bi ta Gashuwa da Geidam, har ya zube a Tafkin Chadi.

Kafin a datse shi daga sama, kogin nan hali biyu gare shi. Da rani yakan janye jikinsa ya bar rairayi fari fat, sai ɗan ruwa kwance a gurbi nan da can, mata na tonon yashi suna ɗiba, ayarin jakai da garken shanu suna ratsawa ta mashigi ba tare da neman iznin kowa ba. Amma da zarar damina ta kankama, musamman daga watan Yuli zuwa Satumba, sai ya cika ya batse, ya yi jawur da laka, ya zo da kututturan itace da shingayen gonakin mutane. A wannan lokaci attajiri da almajiri, hakimi da talakansa, duk sai su taru a gaɓa ɗaya suna jiran mai fito, wanda galibi ba a ko tuna shi a sauran watannin shekara.

Hanyar kuwa ba ƙaramar hanya ba ce. Ta nan ake bi zuwa Gaya da ƙasashen gabas, ta nan ake bi zuwa Garko da Takai da Birnin Kudu har Bauchi, kuma kasuwar Wudil ta ranar Juma'a, wadda kararta ta shanu ta yi suna a ƙasar nan duka, ba ta kafu a wurin don banza ba, mahaɗar hanyoyi ce a bakin mashigi. Joɓawan Utai, jama'ar Malam Bakatsine, waɗanda suka yi jihadi a ƙasar Kano kuma sarautar Makama ta zauna a gidansu, ƙasarsu ke nan. A Yaƙin Basasa, sa'ad da Yusufawa suka fice daga Birni a 1893 suka yi sansani a Takai, jagoransu Yusufu ya rasu a Garko, Aliyu Babba ya komo da jama'a ya shiga Kano a 1894, tafiya da dawowa duk sai da aka ratsa wannan ruwa da dawaki da kaya. Al'adar masu rubuta tarihi ce su ambaci wanda ya ƙetare, su bar wanda ya ƙetarar da shi, balle a kai ga wanda ya toshe ɓarakar jirgin da aka shiga. Ni kuwa na ƙarshen nan nake nufi da wannan rubutu.

Ba da jirgi aka fara fito ba a ko'ina. Inda babu itacen da ya isa a sassaƙa, gora da masaki su ne abin hawa: a zuba kayan matafiyi da tufafinsa cikin babban masaki, shi ya riƙe baki, gwanin iyo ya tura su har gaci, dawaki kuwa a ja su da linzami suna iyo. Turawan da suka ratsa ƙasashen Barno da Hausa a ƙarni na 19, irin su Clapperton da Barth, sun ga ana ƙetare Komadugu a kan goruna da aka haɗa da sanduna, kuma har gobe masuntan Argungu bisa gora suke kwanciya su shiga Matan Fada da homa a hannu. Sai dai kada wani ya ɗauka daga wannan cewa jirgi baƙo ne a wannan yanki, domin ƙasa da kanta ta ba da shaida. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙasar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, ba nisa da Komadugu Gana, ya ci karo da itace a zurfin wajen mita 5. Da aka tono shi gaba ɗaya a 1994, bisa jagorancin Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt ta Jamus da Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri, sai ga kwalekwale na itace guda, tsawonsa mita 8 da ɗoriya, wanda awon masana ya nuna ya kai shekara 8,000. Babu jirgin da aka samu a Afirka da ya girme shi. An sassaƙa shi tun ba a san ƙarfe ba, amma goshinsa da bayansa an fiƙe su da kyau irin na wanda ya gaji aikin daga wasu da su ma gada suka yi. Yana ajiye a Damaturu, kuma ruwan da ya yi yawo a kai tsatso ɗaya ne da wanda ke wucewa ƙarƙashin gadar Wudil, tun da duka Chadi suka nufa.

To, jirgin itace guda abu ne mai tsadar samu a ƙasa irin ta Kano, wadda tun zamani mai tsawo gatari da garma suka cinye dajinta. Ba kowace bishiya ke zama jirgi ba. Ana son mai kauri, miƙaƙƙiya, marar kogo: maɗaci shi ne sarki saboda ƙarko, kawo yana biye da shi, maje ya fi sauƙin sassaƙa amma bai kai su daɗewa ba, rimi kuwa ba shi da nauyi, yana tashi bisa ruwa da kyau, illa dai ruɓa ba ta yi masa wuya. Bishiyar da za ta ba da jirgin da zai ɗauki mutum goma ta girmi wanda zai sare ta, watakila ta girmi ubansa. Kuma bayan an nemi izni an kayar da ita, masassaƙi zai shafe makonni da gatari da gizago yana rarake cikinta, yana ƙwanƙwasa gefe yana saurare don ya san kaurin da ya rage, domin sara ɗaya da ya zarce ya isa ya mai da aikin wata guda kwamin ban ruwan dabbobi. Wanda ya san wannan wahala ba ya yar da jirgi don ya tsufa. Saboda haka sana'ar gyara ta fi sana'ar sassaƙa yawan aiki da yawan masu yi, kuma jirgi ɗaya yakan ga hannun uba da ɗa da jika, har ya zamana faci ya kusa yin yawan ainihin itacen.

Babban maƙiyin jirgi a ƙasarmu rani ne. Itacen da ya sha ruwa wata huɗu, in aka bar shi a sarari hunturu ya busa shi, zafin bazara ya biyo baya, sai ya tsage daga goshi ya bi tsawonsa; in kuma aka kwantar da shi a ƙasa gara ta shige shi ta ciki ta bar ɓawo. Don haka mai fito na ƙwarai, da ruwa ya janye, ko dai ya nutsar da jirginsa a gurbin da ba ya ƙafewa ya danne da duwatsu, ko ya ja shi inuwa ya ɗora bisa wasu itatuwa ya lulluɓe da zana. Sa'an nan in bazara ta yi nisa, gajimare ya fara haɗuwa a gabas, manoma na sharar gona, shi ma sai ya fito da nasa ya kife, ya bi shi taƙi-taƙi. Inda ya tsage, a huda gefe da gefe da jan ƙarfe, a ɗinke da igiya mai ƙarfi, a cusa auduga ko tsumma a tsagar, a bi da ƙaro a liƙe. Inda ya ruɓe, a yanke ruɓar har a kai lafiyayyen itace, a sassaƙo wani a dasa. Ɗinkin jirgi da igiya tsohuwar hikima ce ta ƙasashen Sudan, har manyan jiragen da ke zirga-zirga a Kwara tsakanin Jenne da Tambutu ɗinkakku ne, kuma Bafaranshen nan René Caillié, wanda ya shiga irinsu a 1828, ya ba da labarin yadda ake kwarfar ruwa daga cikinsu ba dare ba rana. Daga baya, da kayan Turawa suka yawaita, ƙusa da gwangwanin kananzir da aka buɗe aka daddale da kwalta suka maye gurbin igiya da ƙaro. Ma'anar dai ita ce, mayar da tsohon jirgi ruwa a nan ba wani abin mamaki ba ne da ake yi sau ɗaya a rayuwa. Hidima ce ta kowace shekara, mai lokacinta sananne, kuma kogin da kansa ne ke ba da hutun yin ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai karatu da ya ga hotunan jiragen Masar ko na Bahar Maliya zai iya tambaya, me ya sa mutanenmu ba su kafa wa jiragensu sanda sun ɗaura zane iska ta tura su ba, suka tsaya ga filafili da doguwar gorar tuƙi? Ba rashin sani ba ne, domin alhazan Kano da suka yi tafiyar ƙasa shekara da shekaru sun shiga irin waɗannan jirage daga Sawakin zuwa Jidda, sun dawo sun ba da labari. Dalilin yana ga yanayin ƙasar. Iskar da ke kaɗawa a kan hanya ɗaya ba fashi, wato ta hunturu, tana zuwa ne lokacin da kogi ya zama rairayi. Lokacin da kuma ruwa ya cika, iskar da ake fama da ita ta hadari ce, wadda ke tasowa farat ɗaya ta tumɓuke bishiya. Ga shi kogin mai kwana-kwana ne, mai tudun yashi a ɓoye, aikin kuma na ƙetarawa ne daga gaɓa zuwa gaɓa, ga jirgin siriri mai zagayayyen ciki, wanda in aka kafa masa sanda mai tsawo kifewa zai yi tun bai bar gaɓa ba.

Jirgi mai zanen iska da ya fara shahara a ruwan da namu ke zuba cikinsa, a bayan raƙumi ya zo. A 1850 gwamnatin Ingila ta turo mutum uku daga Tarabulus, James Richardson da Jamusawa biyu, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasashen nan da Abdulkarim, da Adolf Overweg; cikin kayansu har da jirgin katako da aka ƙera a tsibirin Malta, aka raba shi gunduwa-gunduwa aka ɗora wa raƙuma, aka ratsa da shi Sahara ta Murzuk da Ghat da Azbin. A yi tunanin halin da katakon da aka yi domin bahar zai shiga bayan fiye da shekara guda yana shan ranar hamada da goga a jikin raƙumi! Barth ya biyo ta Katsina ya shiga Kano a Fabrairun 1851. Richardson ya rasu a hanya cikin Maris bai kai Kukawa ba. Sauran biyun suka haɗu a can, a zamanin Shehu Umar ɗan Shehu Laminu. A bakin Chadi kafintoci Larabawa suka harhaɗa gunduwoyin nan suka mai da su jirgi, aka sa masa sunan Lord Palmerston, ministan harkokin wajen Ingila na lokacin, kuma a daminar shekarar Overweg ya shiga tafkin da shi ya yi makonni yana yawo tsakanin tsibiran Buduma, mutanen da su nasu jiragen da ciyawar ruwa suke ɗaure su. Overweg bai koma gida ba, zazzaɓi ya kashe shi a Maduwari a Satumbar 1852, kusa da inda aka saka jirgin a ruwa. Yara biyu da Overweg ya 'yanta, Dorugu da Abbega, su ne suka bi Barth har Turai, kuma Dorugu a Kano ya ƙare rayuwarsa a 1912. Abin da ya fi jan hankalina a wannan ƙissa shi ne hannun kafintocin nan, domin da ba su iya haɗa bushasshen katako su toshe shi har ya riƙe ruwa ba, da duk wahalar raƙuman ta tashi a tutar babu. Jirgin kuwa bai bar zuriya ba. Masu ruwan suka dube shi, suka ci gaba da abin da ya dace da ruwansu.

Shari'a ba ta bar wannan sana'a ba hukunci. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya wuce ta kan mas'alar mai jirgi a babin ijara, inda aka tabbatar da abu biyu: ba ya cancantar ladansa sai ya isar da abin da ya ɗauka, kuma ba a ɗora masa lamunin abin da ruwa ya ci. Malamai sun bayyana cewa wannan sassauci na wanda bai yi sakaci ba ne kuma bai ƙetare haddi ba. Amma wanda ya san jirginsa na da aibi ya ɓoye, ko ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ya fita daga hukuncin amintacce. In aka lura, hukuncin farko ya ɗaure abincin mai fito da lafiyar jirginsa, na biyu kuma ya ɗaure mutuncinsa da ita. Ga kuma ƙissar Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da bawan Allah Halliru a Suratul Kahfi, inda aka kira masu jirgin miskinai alhali jirgin nasu ne, har waɗansu fuƙaha'u suka kafa hujja da wannan cewa mallakar abin sana'a ba ta fitar da mutum daga miskinanci. Wanda ya zauna da masu fito ya ga abin da ke shiga aljihunsu ba zai yi jayayya da wannan istinbaɗi ba. A gefen sarauta kuma akwai Sarkin Ruwa, wanda ya san mashigi da zurfi da inda ruwa ke juyawa, shi ake kira in wani ya nutse, shi ke da ta cewa a kan su da fito. Gaskiya ne an cakuɗa wannan sarauta a da da tsafe-tsafe da ba iskokin ruwa haƙƙinsu, abin da malamai suka yi inkari kuma suka yi daidai. Amma ƙarƙashin wannan akwai ilmi na haƙiƙa, na sanin ruwa da sanin itace, wanda bai kamata a zubar tare da camfin ba. A ƙasar Kabi, inda ruwa ya fi namu yawa, darajar jirgi ta kai har ana ruwaito cewa Sarki Kanta yana da nasa wanda aka lulluɓe da tagulla.

Abubuwa uku suka sauya wannan tsari. Gada ta ɗauke matafiya da fatake, ta bar wa masu jirgi ƙananan mashigai na ƙauyuka da su da ɗaukar amfanin gona. Sa'an nan aka gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, bayan farin da ya gigita ƙasar nan a farkon shekarun 1970, aka ƙara da ta Challawa kusa da Ƙaraye a 1992. Alherin waɗannan ayyuka a bayyane yake ga duk wanda ya ga shinkafa da tumatir da alkama a Kadawa da Kura, ko ya sha ruwan famfo a Birni. Cutarwarsu kuma mutanen fadamun Haɗeja da Nguru suka fi kowa saninta, inda ambaliyar da ke ciyar da su ta ragu, kacala ta toshe hanyoyin ruwa. A Wudil kuwa abin da ya faru shi ne kogin ya daina ƙafewa, ana sako masa ruwa rani da damina. Na uku, manyan itatuwan suka ƙare, jirgin itace guda ya zama abin nema, aka koma ga na katako, wanda kafinta ke haɗawa da allunan da aka kawo daga kudu, irin waɗanda ake saya a 'Yan Katako na Na'ibawa, mai shimfiɗaɗɗen ciki, mai haƙarƙari da ƙusoshi, wani ma a ɗaura masa inji a baya. Jirgin katako ya fi ɗaukar kaya, ya fi araha, ya fi saurin samuwa. Sai dai kowace mahaɗa tsakanin allo da allo ƙofa ce da ruwa ke nema, kowace ƙusa kuma tsatsa na jiranta. Ga jirgin da ya fi na da bukatar dubawa, ga shi kuma lokacin dubawar ya ɓace, tun da babu sauran watan da kogi ke tilasta wa mutum ya fitar da jirginsa tudu.

Na taɓa tsayawa a gaɓar kogin, ƙasa da gada, wata ranar Alhamis, wajen wani dattijo da aka kawo wa tsohon jirgin katako wanda ya daɗe rabinsa a ruwa rabinsa a laka, har gansakuka ta yi masa kore. Mutum shida suka kife shi bisa tsofaffin tayoyi. Dattijon bai taɓa guduma ba sai da ya sa yaransa suka kankare lakar da tsohuwar kwalta tas, sa'an nan ya bi allunan ɗaya bayan ɗaya yana dukansu da ƙeyar gizago, inda ya ji sauti ya mutu sai ya soka tsinin wuƙa. In ta shige ba gardama, ya zana alama da gawayi. Allo uku na ƙasa suka sha gawayi, da haƙarƙari biyu. Mai jirgin, saurayi ne, ya matso ya rage murya ya ce, "Baba, da liƙi kawai aka yi mini, gobe kasuwa, in ya so bayan Juma'a na kawo a canza." Dattijon bai ɗaga kai ba ya ce, "Ɗana, kwalta tana rufe ido ne, ba ta rufe ruwa. In na liƙe maka wannan, gobe mata da goyo za ka ɗauka a kai. Ka nemi aron jirgi ka ci kasuwarka, wannan sai Litinin in Allah ya kai mu." Saurayin ya yi shiru, ya ce, "To, Baba, Allah ya kai mu."

Aka ɓamɓare ruɓaɓɓun allunan, aka auna sababbi a gurbinsu aka yanke da zarto, aka bar ɗan sarari kamar kaurin tsinke tsakanin allo da ɗan'uwansa, domin katako in ya sha ruwa kumbura yake, in aka matse shi tun yana bushe sai ya ture ƙusa. Wani yaro ya zauna yana yayyaga tsohon buhu da tsummoki yana murzawa, wani na bin mahaɗa yana cusa su da bakin ƙarfe yana bi da guduma a hankali, kwalta kuma na tafasa a rabin ganga, warinta ya cika wurin. Da aka shafe ta aka yayyafa mata yashi, aka bi mahaɗan goshi da faffaɗan gwangwani aka jera ƙananan ƙusoshi kusa da kusa. Ranar da aka tura shi ruwa, da bismilla da addu'ar da Annabi Nuhu ya yi sa'ad da ya shiga nasa, aka raba wa yara ƙosai sadaka, ba a bar kowa ya hau ba; aka ɗaure shi a gaɓa ya kwana yana tsattsafo, aka kwarfe da safe, aka sake barinsa, sai da katakon ya ƙoshi yoyon ya tsaya, sa'an nan aka loda masa buhunan yashi aka tura tsakiya. Dattijon ya sa hannu ya auna daga bakin jirgin zuwa fuskar ruwa, ya ce wa saurayin duk ranar da ya ga abin da ya rage bai kai taƙi ba, to ya sauke wani, ko surukinsa ne.

Wannan awo na taƙi guda, da wannan ƙin liƙe ruɓa, su ne gadon da nake tsoron ya salwanta, kuma tsoron nan yana da dalili. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari, a ƙasar Bagwai, ɗauke da mutanen da suka taso daga Badau, akasarinsu yara 'yan makarantar Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Aka tsamo gawa 29 tun a kwanakin farko, kuma hukumomi suka ce lodi ne ya yi yawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan imaninmu ne. Amma Shari'ar da ta koya mana imani da ƙaddara ita ce ta rarrabe tsakanin amintacce da mai sakaci, kuma sana'ar da rayukan jama'a suka rataya a kanta farilla ce ta kifaya, in aka rasa masu tsayuwa da ita a kan daidai, laifin na gari ne duka. Madatsun da aka gina sun haifar da manyan ruwaye a wuraren da kakanni ba su gaji fito ba, inji kuma ya ba wanda bai san ruwa ba ƙarfin shiga tsakiyarsa.

A Wudil ta yau, masu ɗiban yashi su ne suka fi riƙe masu gyara da aiki. Tun da Birni ke ta faɗaɗa, tifa-tifa ke jere a gaɓa, samari na nutso da bokiti suna cika jirage har baki, su turo su gaci a kwashe da shebur. Babu kayan da ke gajiyar da jirgi kamar jiƙaƙƙen yashi, shebur kuma na cin cikinsa kullum. Masunta na nan, masu kai manoman rani hayi na nan, kuma duk ranar Juma'a akwai ƙauyukan da har yanzu jirgi ne gajeriyar hanyarsu zuwa kasuwa. Matsalar yawan lodi kuwa ba tamu ce kaɗai ba. Ingila ma, da duk yawan jiragenta, sai da mutane suka yi ta halaka saboda haɗamar masu lodi kafin majalisarsu ta yi doka a 1876, bisa naciyar wani wakili mai suna Samuel Plimsoll, cewa a zana wa kowane jirgi layi a gefe wanda ruwa ba zai haura ba. Abin da nake roƙon hakimai da dagatai da ƙaramar hukuma shi ne su mayar da lokacin gyara da madatsa ta ɗauke: a sa wata guda kafin faɗuwar damina wanda duk jirgin da ke ɗaukar mutane za a fitar da shi tudu a kife, Sarkin Ruwa da kafintan da jama'a suka yarda da shi su bi shi allo-allo, wanda ya tsira a zana masa layin lodi da fenti a rubuta adadin mutanen da zai ɗauka, a kuma tanadi rigunan ruwa ko da na yara ne kaɗai. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil, wadda aka buɗe a 2001, tana da ɗaliban aikin injiniya da za su iya zama da dattawan nan su rubuta abin da suka sani na katako da mahaɗa da awon lodi, tun suna da ƙarfin riƙe gizago su nuna da hannunsu.